Ƙwai da Dutse a Titi Ɗaya: Me Doka Ta Ce Game da Mai Keke?

Wata safiya ina tsaye a bakin titin Zariya, daidai Unguwa Uku a Kano, ina jiran abin hawa, sai ga wani dattijo ya taho a kan tsohon kekensa ƙirar Phoenix. Ya ɗaure buhun alayyafo a kariya, yana tafiya a hannunsa, bai tare wa kowa hanya ba. Wani ɗan sahu, wato direban babur mai ƙafa uku, ya wuce shi, bai yi nisa ba ya hango mata biyu sun ɗaga hannu, sai kawai ya yanko gaban dattijon ya taka birki. Baba ya matse nasa birkin, amma ina, tayar gaba ta riga ta daki bayan a daidaita sahun. Ya kife, buhu ya kwance, alayyafo ya watse a kwalta. Gwiwarsa ta ƙuje, gargaren gaba ya lanƙwashe.

Ɗan sahun ya leƙo, ko sauka bai yi ba, ya ce, "Haba Baba, ba ka gani ne? Ai sai ka riƙa bin gefe, kwalta ta masu inji ce."

Dattijon yana kakkaɓe riga ya ce, "Yaro, nuna mini gefen in bi."

Gefen kuwa tulin yashi ne, sai teburin mai shayi, sai lambatu a buɗe. Jama'a suka taru, aka ce a yi haƙuri, tsautsayi ne, Allah ya kiyaye gaba. Aka matsa wa yaron ya zaro naira 2,000 ya miƙa, wai na gyara. Baba ya karɓa har da godiya, ya tura kekensa ya tafi a ƙasa.

Godiyar nan ce ta tsaya mini a rai. Duk wanda ke wurin, har shi dattijon, ya ɗauka alfarma aka yi masa, domin a zuciyarmu mai keke baƙo ne a titi, wanda aka bari ya raɓa. Kuma maganar ta wuce ta tsofaffi masu kayan gwari. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a ƙarshen 2024, malaman makaranta da ƙananan ma'aikata da ɗalibai sun zaro kekunan da suka jingine a zaure. Mutumin da jiya yake danna wa mai keke oda, yau shi ne a kan sirdi. To me doka ta tanadar masa?

A fara da tushe. A idon doka keke abin hawa ne, ajinsa ɗaya da mota a wajen haƙƙin bin hanya. Yarjejeniyar zirga-zirgar hanyoyi da aka ƙulla a birnin Biyana a 1968, wadda Nijar ta shiga a 1975, Najeriya kuma a 2018, ta bayyana keke da cewa abin hawa ne mai aƙalla ƙafa biyu da ke tafiya da ƙarfin jikin mahayinsa. Ta kuma ɗora wa direbobi ƙarin kula da masu rauni a hanya, ta ambaci masu tafiya a ƙasa da masu keke da sunansu, musamman yara da tsofaffi da naƙasassu. Kundin ƙa'idojin hanya na Najeriya, wanda hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ke fitarwa, shi ma ya lissafa masu keke cikin masu amfani da titi. A Ingila maganar ta fi haka tsufa: wata kotu ta yanke tun 1879 cewa keke abin hawa ne, majalisa ta rubuta hakan a doka a 1888, lokacin da mota ba ta ma cika titi ba. Ƙungiyoyin masu keke ne suka kafa ƙungiyar neman gyaran hanyoyi a can a 1886. Wato da suka fara kukan a daidaita titi, kura da laka suke gudu saboda tayoyinsu, mota daga baya ta zo ta tarar.

Na sha jin direbobi suna cewa ai mai keke ba ya biyan lasisi, ba shi da lamba, ba shi da takardu, don me zai yi kafaɗa da wanda ya biya? Wannan hujja ba ta da ƙafa. Da kuɗin kasafi ake shimfiɗa titi, kuɗin kowa da kowa, kuma mai keke yana biyan haraji duk ranar da ya sayi sabulu ko katin waya. Lasisi da lamba da inshora an ɗora su a kan mota ne saboda ita ce ke iya kashe mutum, dole a san wa ke riƙe da ita, dole a tabbatar ya iya. Takardar shaidar ɗaukar nauyi ce, ba ta mallakar kwalta ba.

Amma a ce haƙƙinsu ɗaya a yi shiru, an bar magana a rabi, domin jikinsu ba ɗaya ba ne. Ƙaramar mota takan kai kilo 1,500, mai keke da kekensa da kayansa da ƙyar su kai 100. Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 duk daƙiƙa ɗaya, kafin direba ya ɗaga ƙafa daga totur ya kai birki an riga an wuce tsawon bas. Ƙarfin karo kuma ba ya tafiya daidai da gudu: in gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin dukan ninkawa yake sau huɗu. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma nahiyarmu ce ta fi kowa yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a. Ƙwai da dutse ne aka haɗa a hanya ɗaya. Ko wane ne ya faɗa wa wani, an san wanda zai fashe.

A kan wannan gaskiyar Birtaniya ta sake kundin ƙa'idojin hanyarta a ranar 29 ga Janairu 2022, kuma misalin ya cancanci a tsaya a kansa. Sun jera masu amfani da titi hawa-hawa gwargwadon rauninsu: mai tafiya a ƙasa a farko, sai mai keke da mai doki, sai mai babur, sai ƙaramar mota, har a kai kan manyan motoci. Ƙa'idar ta ce duk wanda ke riƙe da abin da ya fi iya yin ɓarna, shi ya fi ɗaukar nauyin rage haɗarin da yake jawo wa saura. Direban tirela ya fi na ƙaramar mota nauyi a wuya, na ƙaramar mota ya fi mai keke, mai keke kuma ya fi mai tafiya a ƙasa. Ba a ce na ƙasa ya yi yadda ya ga dama ba, kundin ya faɗi ƙarara cewa kowa na da alhakin kula da kansa da waninsa. An dai ce babba juji ne.

Daga nan suka sauko kan wuraren da jini ke zuba. Na farko wucewa. Direba ya bar aƙalla mita 1.5 tsakaninsa da mai keke idan gudunsa bai wuce mil 30 a awa ba, kusan kilomita 48 ke nan, in ya fi haka ya ƙara tazara, in babu fili ya haƙura a baya har sai an samu. Mita 1.5 kusan kamu uku ne. Ba su kaɗai ba: Jamus ta sa mita 1.5 a cikin gari da mita 2 a wajen gari tun 2020, Faransa mita 1 a gari da 1.5 a waje, Sifaniya 1.5. Dalilin tazarar, wanda bai taɓa hawa keke a kwalta ba zai yi wuya ya gane. Keke ba ya tafiya a miƙe kamar an ja zare. Rami zai sa ka kauce, yashi zai ja tayarka, iskar babbar mota ita kaɗai ta isa ta girgiza ka. Idan madubin mota yana shafar gwiwar hannunka, ɗan kaucewar da ba ta kai tafin hannu ba ta isa ta kai ka ƙarƙashin taya. Ni dai da na koyi mota, an koya mini kwana da ribas da shiga shataletale, amma ba wanda ya taɓa ce mini ga yawan filin da zan bar wa mai keke.

Abin da ya fi tayar da ƙura a Birtaniya shi ne inda mai keke zai tsaya a titi. Kundin ya shawarce shi ya hau tsakiyar hannunsa a titin da ba cunkoso, ko inda motoci ke tafiya a hankali, ko yayin da ya tunkari mahaɗa. A titi mai gudu kuma ya bar aƙalla rabin mita tsakaninsa da bakin kwalta, ya ba motoci hanya in ya ga lafiya. An kuma yarda mutum biyu su jera kafaɗa da kafaɗa, musamman in ana rakiyar yaro. Direbobi da yawa sun ɗauki wannan a matsayin tsokana. Ni kuwa ina ganin nan ne hikimar take. Mai keken da ya lafe a bakin lambatu gayyata yake yi a matse shi, domin direba zai ga kamar akwai fili alhali babu. Wanda ya fito fili ana ganinsa daga nesa, kuma dole mai son wucewa ya jira ya sauya hannu kamar yadda zai yi wa mota. Maganar ɗan sahun nan ta "bi gefe" ita ce shawara mafi haɗari da za a ba mai keke a titin da gefensa ya cika da yashi da tebura.

Sai kwana, wadda ita ce ta kayar da Baba. Ƙa'idar ta hana direba yanke gaban mai keken da ke tafiya a miƙe don zai shiga kwana ko zai sauya hannu, kamar yadda ba zai yanke gaban wata motar ba. Ya jira ya wuce. A Ingila da hannun hagu ake tuƙi, don haka kwanar hagu ce mai cin mutane. Mu da muka koma hannun dama tun 2 ga Afrilu 1972, tamu kwanar dama ce, da kuma tsayawar ɗaukar fasinja. Tun da aka hana achaba ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, a daidaita sahu ya mamaye bakin titi, kuma bakin titin nan shi ne inda ake tura mai keke. Tirela da tifa kuwa nasu ya fi muni, domin akwai wuraren da direba ba ya gani sam daga inda yake zaune, kuma in doguwar mota za ta yi kwana, tayoyin baya sukan yanko ciki su share duk abin da ke gefenta. Saboda haka ne Landan ta fara tilasta wa motocin da suka haura tan 12 cika sharaɗin ganin gefe tun 2021 kafin su shiga birnin. Duk mai keken da ya ga tirela ta tsaya a danja, kada ya kuskura ya kutsa tsakaninta da bakin titi. Ko doka na bayansa, ya tsaya a baya.

Akwai kuma ƙofa. Mota ta faka, na ciki ya banko ƙofa bai waiga ba, mai keke ya zo ya haɗu da ita ko ya kauce ya faɗa gaban wata motar. Yarjejeniyar Biyana ta hana buɗe ƙofa sai an tabbatar ba za a cutar da kowa ba. Kundin Birtaniya ya aro wata dabara da ake jingina wa mutanen Holan: ka buɗe ƙofar da hannun da ya fi nesa da ita, domin hakan zai juya kafaɗarka dole ka ga abin da ke tafe a baya. Ba ta cin ko sisi.

Sai dai kundin yana da raunin da ya kamata a sani. Ƙa'idojinsa kashi biyu ne, waɗanda aka ce wajibi ne, da waɗanda aka ce ya kamata, kusan yadda malamai ke raba farilla da mustahabbi. Tazarar mita 1.5 tana cikin kashi na biyu, wato ƙin barinta ba laifi ba ne da kansa, amma ana iya kafa hujja da shi a kotu a tuhumi direba da tuƙin rashin kula. 'Yan sandan yankin West Midlands a Ingila sun nuna yadda ake ba irin wannan ƙa'ida haƙora tun 2016. Jami'i zai sa farin kaya ya hau keke, duk motar da ta matse shi sai ya sanar da abokan aikinsa da ke gaba su tsayar da ita, a shimfiɗa wa direba wata tabarma da aka zana tazarar a kanta ya gani da idonsa. Wanda laifinsa ya yi yawa kuma a kai shi kotu. Wannan aiki ne da 'yan Karota, masu kula da titunan Kano, ko jami'an kiyaye haɗurra za su iya yi da keke ɗaya da waya biyu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. An riga an yi karo, mai keke yana kwance da karaya, wa zai biya? A Najeriya, kamar a Ingila da muka gaji tsarin shari'arta, wanda aka ji wa rauni shi ne zai tabbatar wa kotu cewa direba ya yi sakaci, kuma in aka samu shi ma da nasa kuskuren sai a rage masa diyya gwargwadon haka. A takarda adalci ne. A aikace kuwa, ana neman hujja ne daga wanda ya suma a kwalta, wanda bai ga lambar motar ba, wanda ba shi da kuɗin lauya, alhali wanda ya fito lafiya ƙalau shi ke ba da labarin yadda abin ya faru.

Holan ta juya wannan nauyi. Sashe na 185 na dokar hanyarta ta 1994 ya ce idan abin hawa mai inji ya yi karo da mai keke ko mai tafiya a ƙasa, mai injin ne ke da alhakin biyan ɓarna, sai fa in ya tabbatar cewa abin ya fi ƙarfinsa, babu ko ƙwayar laifi a tuƙinsa. Kotun ƙolin ƙasar ta ƙara da ma'auni biyu. Baligin da ke kan keke, ko da ya yi kuskure, za a biya shi aƙalla kashi 50 cikin 100 na asararsa. Yaron da bai kai shekara 14 ba kuwa ana biyansa duka, sai in an tabbatar da gangan ya yi ko abin da ya yi kusa da gangan. Mutane kan fahimci wannan a karkace, su ce a Holan direba ne mai laifi kullum. Ba haka ba ne. Maganar diyya ce kawai, ba ta ɗauri ba, kuma kamfanin inshora ne ke biya. Tuhumar laifi tana nan a kan ƙa'idarta, sai an kawo hujja.

Faransa ta fi haka zurfafawa da dokar 5 ga Yuli 1985, wadda ake kira da sunan ministan shari'a na lokacin, Robert Badinter. A ƙarƙashinta ana biyan wanda ba direba ba diyyar raunin jikinsa ba tare da an dubi kuskurensa ba, sai in kuskuren ya kai wanda ba a yi masa uzuri kuma shi kaɗai ne sanadin haɗarin. Yara 'yan ƙasa da 16 da tsofaffin da suka haura 70, ko wannan togaciyar ba ta hawa kansu. Kada a ce wannan zancen Turai ne mai nisa. Ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci sun ƙulla yarjejeniyar inshora ta bai ɗaya, wadda ake kira CIMA, a Yawunde a 1992, kuma Nijar da Kamaru da Chadi suna ciki. Kundinta ya ɗauko wannan ruhin: wanda mota ta ji wa rauni, in dai ba direban abin hawa mai inji ba ne, a biya shi ba tare da an kafa masa hujja da kuskurensa ba, sai in shi ya nemi cutar da kansa da gangan. Ke nan mai keke a Maraɗi da mai keke a Katsina, harshensu ɗaya, kekensu iri ɗaya, amma in mota ta buge su matsayinsu a gaban doka ya sha bamban. Karɓo kuɗin wani aiki ne daban, musamman in motar ba ta da inshora, amma aƙalla doka ta san wanda za ta fara tambaya.

Wannan tunani kuma ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta inda aka ce mai kora dabba da mai janta da mai hawanta suna lamunce abin da ta taka. Ba a ce sai an tabbatar sun yi nufi ba, kasancewar linzamin a hannunsu ya isa. Aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Hadisi ya ce mahayi ne ke yi wa mai tafiya a ƙasa sallama, wato wanda ke sama shi ake nema ya fara sassautowa. Saboda haka in muka taru a kan wanda aka buge muka ce tsautsayi ne, mun faɗi gaskiya, amma tsautsayi bai taɓa ɗauke lamuni ba. Yafiya ta mai haƙƙi ce, ya bayar in ya so bayan ya san abin da yake bi. Wadda ake tatsa daga bakin talaka a tsakiyar taro, jini na zuba a gwiwarsa, ban san sunan da za a kira ta da shi ba.

Direbobi suna da nasu ƙorafin, kuma ba zan ce ƙarya suke yi ba. Akwai mai keken da zai biyo hannun da ba nasa ba ya tunkaro ka gaba da gaba. Akwai wanda zai fito da daddare cikin baƙar riga, ba fitila, ba ko ɗan abin ƙyalli a baya. Akwai yaran da ke kama bayan tifa tana jansu, da wanda birkinsa silifas ne, da wanda danja ba ta shafe shi ba. Yarjejeniyar Biyana da ta ba mai keke haƙƙi ita ta ɗora masa sharaɗi: birki mai ci, ƙararrawa, farar fitila a gaba, ja a baya da abin ƙyalli, ya riƙe kan keke aƙalla da hannu ɗaya, kada wata mota ta ja shi, kada ya ɗauki kayan da za su hana shi sarrafa keken. Ya nuna da hannu kafin ya yi kwana. Kuma ya tuna cewa a gaban mai tafiya a ƙasa shi ne dutsen. A Landan a 2016 wani matashi a kan keken da ba shi da birkin gaba ya buge wata mata tana tsallaka titi, ta rasu. A 2017 aka ɗaure shi wata 18, da wata dokar 1861 da aka yi tun zamanin keken doki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗauki laifin wancan yaron mai kama tifa a shafa wa dattijon da ke tafiya a hannunsa. Ba a taɓa cewa a kori motoci daga titi don wasu direbobi na tsallake danja ba.

Duk da haka, doka ita kaɗai ba ta tare ƙarfe. Holan da ake misali da ita ba haka ta tashi ba. A 1971 mutum kusan 3,300 suka mutu a titunanta, sama da 400 yara ne. Iyaye suka fito zanga-zanga da taken a daina kisan yara, suka riƙa toshe tituna. Sai ga rikicin mai na 1973, har gwamnati ta hana hawa mota ranakun Lahadi. Daga nan aka shiga ware wa keke hanyarsa da shinge tsakaninsa da mota, aka rage gudu a cikin unguwanni. Yau ƙasar na da hanyoyin keke kusan kilomita 35,000, kekunanta sun fi mutanenta yawa, kuma mace-macen hanya sun sauko ƙasa da 800 a shekara duk da ƙaruwar jama'a da motoci. Ba a ce an gama ba, domin a 2022 masu keke kusan 290 suka mutu a can, da yawansu tsofaffi. Abin lura shi ne tsadar mai na cikin abin da ya tura su, kamar yadda take tura mu yanzu.

Ragin gudu shi ne mafi arha a cikin duka. Taron ministocin duniya kan kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da gudu a kilomita 30 a awa duk inda motoci ke cakuɗa da mutane da kekuna. Paris ta yi hakan a yawancin titunanta a 2021, yankin Wales na Birtaniya ya koma mil 20 a awa a cikin garuruwa a 2023. A Najeriya iyakar gudun ƙaramar mota a cikin gari kilomita 50 ce, kuma kowa ya san abin da ake yi a titin da ya samu sabuwar kwalta. Mun ga gadojin sama da na ƙasa a Ƙofar Nassarawa da Dangi da Hotoro, an kashe maƙudan kuɗi don mota ta wuce ba tsayawa, amma ban ga inda aka ware wa keke ko kamu huɗu ba. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawa keke, har shi da kansa ya riƙa hawa zuwa aiki a Abuja, sai wata bas ta ture shi ya faɗa rami. Aka mayar da abin na dariya. Da an tsaya an tambayi yadda titin babban birnin ƙasa ya kasa kare minista a kan keke, da wataƙila yau malamin firamare yana da hannunsa.

Kafin a kai can, akwai abin da ke hannun mai keke da waɗanda suka taru a kansa. Inshorar da ke biyan wanda mota ta cutar wajibi ce a kan kowace mota a Najeriya tun zamanin Turawa. Daga Janairun 2023 kuɗinta ya koma naira 15,000 a shekara ga motar gida, tana ɗaukar ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, ban da rauni da rasa rai, kuma 'yan sanda sun sanar da fara tsananta bincikenta daga 1 ga Fabrairu 2025. Don irin Baba aka yi ta. Amma ba ta biya sai da shaida: lambar motar, hoton wurin kafin a janye komai, lambar wayar mutum biyu da suka gani, rahoton 'yan sanda, takardar asibiti. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra 122 ce. Sashe na 20 na dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ya hana kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar taimakon gaggawa.

A safiyar nan ta Unguwa Uku mun fi mutum ashirin a wurin, kusan kowa da waya a hannu. Lambar a daidaita sahun tana rubuce ɓaro-ɓaro a bayansa. Mun taya Baba tsince alayyafo, wani ya kawo ruwan leda ya wanke masa gwiwa, wani ya taka gargaren da ƙafa ko zai miƙe. Ba wanda ya rubuta lambar, har da ni.